Ƙarar Kwamfutar Malam Bukar

Kullum sai wani a cikinku ya zo ya tsaya min a bakin shago, hannu cikin aljihu, wai in koya masa gyaran kwamfuta kafin a koma makaranta. Wata biyu fa! Jiya ma wani yake ce min, "Baba Habu, ai yanzu komai yana cikin waya, bidiyo za ka kalla ka gyara." To madalla, je ka kalla. Ni dai na haura shekara ashirin a wannan layin na Sabon Gari, kuma aikin da ya fi kowanne tsaya min a rai ba wata kwamfuta ce ta ƙone ba. Ƙara ce kawai ta ɓace, wannan ɗan kiɗan da kwamfutar tebur take yi idan ta gama tashi, da ɗan'uwansa da take yi in za ta mutu. Ku samu wuri ku zauna, tunda yau babu wuta balle aiki.

Aikin farko da aka bari na taɓa da hannuna, kwamfutar wata makarantar koyon buga takardu ce da ɓera ya haihu a cikinta. Lokacin na shekara guda cur a wajen maigidana, wani mutumin kudu da muke kira Oga, kuma a duk shekarar nan buroshin fenti kaɗai ya yarda na riƙe. In share, in busa, in ɗauko, in mayar. Ranar ya miƙo min sukudireba ya koma gefe ya harɗe hannu. Na kwance, na kwashe ƙazantar, na haɗa wayar da aka gwaguye, na kunna. Sai ta yi ƙit, ƙit, ƙit, sau uku. Na juya ina kallon sikirin. Ya dungure min ƙeya ya ce kunne zan sa, ba ido ba. Ƙit ɗaya lafiya ke nan, uku kuwa ƙwaƙwalwarta ce ba ta zauna daidai ba. Ya sa na zaro 'yar sandar ƙwaƙwalwar, na goge bakinta da robar goge fensir, na mayar. Har yau robar nan tana cikin akwatina tare da mitar gwajin wuta da ƙarfen narka dalma, kuma ta gyara kwamfutoci fiye da duk bidiyonku.

Masu kawo aiki kuwa, sai kun yi haƙuri da su. Kowa ya zo, "Wallahi ban taɓa komai ba, haka kawai ta yi." Wata Hajiya ta lulluɓe tata da leshi har ƙasa don kada ta yi datti, ta bar ta a kunne, zafi ya dafa ta. Wani malamin makaranta ya zuba wa fankar tasa man gyaɗa saboda tana kuka. Waɗannan duk masu sauƙi ne, ka gyara, ka yi musu faɗa, su tafi. Mai wuya shi ne wanda zai kawo maka ƙaramin abu ya nace a kai, ka ɗauka rigima ce.

A Fagge akwai wani Alhaji Tijjani, dillalin atamfa da shadda, ofishinsa a saman bene. Ni nake duba musu kwamfutarsu ƙwaya ɗaya da firinta. Mai zama a kanta shi ne Malam Bukar, akawun Alhaji. Iyayensa daga Barno suka zo, amma shi a Fagge aka haife shi, dogo, siriri, kullum hularsa a karye gefe guda. Tun zamanin tafireta yake wa Alhaji aiki. Alhaji zai kishingiɗa ya faɗi abin da yake so da Hausa, Malam Bukar ya juya shi Turanci yana bugawa, kansa a sama, yatsunsa suna gudu, ko kallon kibod ɗin ba ya yi. Ya danna maɓalli biyu, takarda ta fito, Alhaji ya sa hannu. Ban taɓa jin an dawo da wasiƙarsa saboda kuskure ba.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda wayoyi suka cinye mana kasuwa. Shagunan da mutane ke zuwa shiga intanet suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne rabin aikinmu. A layin nan mu tara ne, muka koma uku. Wasu suka koma liƙa wa waya gilashi, wani ya kama tuƙin adaidaita sahu. Sai mu wuni muna kore ƙuda. Abin da ya rage mana shi ne mu bi ofisoshi muna cewa manhajarku ta tsufa, a sa muku sabuwa. Wani wurin gaskiya ne, wani wurin kuwa yunwa ce take magana. Ni da bakina na je na samu Nura, babban ɗan Alhaji, wanda ya gama jami'a ya shigo harkar gidan, na ce masa abin kunya ne ofis kamar nasu da tsohon yayi. Nan take ya yarda, har ya sayo sabuwar firinta da ba ta aiki sai da sabuwar manhajar. Ranar Asabar na je na kwashe musu takardunsu a filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, na goge tsohuwar tas, na ɗora sabuwa. Na gwada, komai yana tafiya, na kama hanya ina jin daɗi.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Malam Bukar a bakin shagona. Bai taɓa zuwa ba, kullum aike yake yi. Muka gaisa, ya ƙi zama.

"Injiniya," ya ce, "ka ɗauke mata murya."

"Wace murya, Malam?"

"Da in na kunna, takan yi 'yar ƙara in ta shirya. In na kashe ma ta yi. Yanzu shiru."

"Tana tashi?"

"Tana tashi."

"Tana fitar da takarda?"

"Tana fitarwa."

Na yi dariya, Allah ya yafe min. Na ce, "Haba Malam, ai kiɗa ne kawai, ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Sabuwar haka take, ba ta da surutu. Zan leƙo." Ban leƙa ba. Laraba ya dawo, na ce masa gobe. Asabar ya sake dawowa da rana tsaka, tun daga Fagge, ya keto cunkoson shataletalen Bata. A bakin ƙofa akwai wani tsohon sikirin mai ƙaton ƙeya da na ajiye, fari fat, rana tana dukansa. Malam Bukar ya tako ya yi karo da shi har ya kusa kifewa. Da ya daidaita, sai ya miƙa hannu zai gaisa da ni, amma wajen maƙwabcina ya miƙa, wanda ke tsaye gefena. Nan na gane idonsa ne. Na rufe shago na bi shi.

A ofis babu kowa sai mu biyu. Na ce ya kunna ta yadda ya saba in gani. Ya laluba ya danna, sannan ya zaro carbi daga aljihu ya fara ja. Na ce, "Malam, me kake yi?" Ya ce ƙirga yake, in ya kai ɗari biyu sai ya fara bugawa. Wani lokaci ta riga ta shirya, wani lokaci kuma ba ta shirya ba. Ranar Alhamis Alhaji ya faɗi wasiƙa mai shafi guda, ya buge ta tsaf, ya danna, firinta ta yi shiru. Ashe tana can tana sabunta kanta, a iska ya yi ta bugawa. Ya ce wa Alhaji firintar ce take gardama. Haka kuma wajen tashi, da sai ya ji ƙarar fita sannan ya kashe soket. Yanzu bai san lokaci ba, ya kashe da wuri sau biyu, washegari ta tashi da ƙyar.

Ya ajiye carbin ya juyo inda yake jin numfashina.

"Abin da ka gani, ka gani. Haske nake gani da inuwar mutum, shi ke nan. Asibiti sun ce jijiyar idon ce ta mutu, ko tiyata ba za ta yi ba. Yarana uku suna makaranta, kuma ban iya komai ba sai wannan. In na sauka daga kujerar nan, zaure zan koma in zauna har a ɗauke ni. Ka mayar min da ƙarar, kuma maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Na ce, "Wallahi Malam, babu mai ji." Da rantsuwa na faɗa.

Yanzu ku saurari aikin, ku masu wata biyu. Abu na farko, sifika. Na duba wayarta tana cikin koren rami, na ƙara murya, na kunna karatu, ya fito raɗau. To ba sifika ba ce, ba kuma direban sauti ba ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da sifika. Na shiga inda ake saita sautuka, na tarar da wani ɗan akwati na ƙarar tashi, na sa masa alama. Na kashe, na kunna, ta yi wani ɗan guntun sauti. Na ce alhamdulillahi. Malam Bukar ya fara bugawa, sai na ga ba ta gama shiryawa ba, sautin yana riga ta. Na sake kashewa na kunna, wannan karon ma shiru ta yi. Ashe sabuwar ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, wani rabin barci take yi don ta tashi da sauri, kuma in daga barcin ta farka ba kullum take magana ba. Na hana ta barcin. Wannan ya ci min wunin farko.

Washegari na nemi ainihin ƙarar shiga da ta fita a jerin sautukan, babu su ko sama ko ƙasa. An ɓoye su. Sai na kutsa can cikin hanjin manhajar, inda harafi ɗaya in ka kuskure sai ta ƙi tashi ɗungurungum. Na lalubo su, na canza lamba, suka bayyana a jerin. Na ɗauko tsohon faifai daga shago na kwafo sautukan da kunnensa ya saba da su, na ɗora. In na danna gwaji, su yi. In na kashe na kunna, shiru. Na yi haka ya fi sau talatin, ga wuta tana zuwa tana tafiya, ga janareto yana tari. Komawa tsohuwar manhaja kuma ba hanya, firintar Nura ba za ta yi ba, kuma sai an tambaye ni dalili. Malam Bukar yana gefe a kan benci, duk sanda na kunna sai ya karkato kunne. In ya ji shiru ya ce, "Sannu, Injiniya."

A kwana na uku dabara ta zo min. Akwai wurin da ake ba kwamfuta jadawali, a ce mata in kaza ya faru ki yi kaza. Na rubuta mata cewa in ta gama buɗewa, ta buɗe shafin rubutu tukuna, sannan ta kunna sautin. Ƙarar fita kuma na haɗa masa maɓallai uku da zai danna, ta yi ƙarar, ta ɗan jira, ta mutu. Ina cikin rubuta layin ƙarshe, bayan la'asar, sai ga Alhaji ya hawo da baƙi biyu daga kasuwar Kantin Kwari, Nura yana biye da su. Ɗaya daga cikin baƙin, Alhaji Sule, abokin tarayyarsa ne a harkar shadda. Suka zazzauna. Alhaji Tijjani yana so a buga wasiƙa, aka ce a jira Injiniya.

Nura ya leƙo ta kafaɗata.

"Wai har yanzu kiɗan ne? Kwana uku?" Ya juya wajen baƙin yana dariya. "Kun ga Injiniyanmu, kwana uku yana neman kiɗa. Tsufa ya zo. Wanda yake gyara min waya minti biyar zai yi."

Baƙin suka yi dariya. Na danna kwamfutar ta sake tashi.

"Ni ban ma ga amfaninsa ba," in ji Nura. "Ko dai aikin ne babu a Sabon Gari, ka zo nan kana shan fanka?"

Kun san ni, kun san bakina. Ga yunwa, ga gajiya, ga shi kuma ya taɓa inda yake min ciwo, don da gaske babu aikin. Kaina ya yi zafi. Na juyo na ce, "Kai Nura, abin da ba ka sani ba ka daina sa baki. Kiɗa kake ce masa? To da me kake so Malam ya san ta buɗe, mutumin da ba ya ganin sikirin ɗin?"

Kafin in rufe baki na san abin da na yi. Ofis ya yi tsit. Malam Bukar yana zaune a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa, bai motsa ba. A cikin shirun nan kwamfutar ta gama tashi, shafin rubutu ya buɗe, ƙarar ta fito tangararan, daidai yadda take a da.

Alhaji Sule ne ya fara magana. "Subhanallahi. Malam, ashe lalura ce? Allah ya sawwaƙe." Sannan ya juya ya kalli Alhaji Tijjani. "Alhaji, takardun da muke aika wa kamfanoni da sunanmu duka, ashe haka ake buga su?"

Alhaji Tijjani ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Malam Bukar ya miƙe, ya taka zuwa kujerarsa ba tare da ya dafa komai ba, ya zauna, ya ɗora yatsu. Ya ce, "Alhaji, ina saurare." Aka faɗi wasiƙar, ya buga, ta fito. Alhaji Sule ya karɓa ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, sau biyu, bai samu ko ɗigo ba. Amma ya karanta ɗin, a gaban kowa, abin da ba a taɓa yi ba. Na tattara kayana na sauka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙarshen wata aka ce Malam ya je ya huta. An yi abin cikin mutunci, da addu'a da turamen shadda, amma sallama ce. Da na ji, na tafi Fagge na samu Alhaji shi kaɗai. Na durƙusa na ce laifina ne, a dawo da shi. Na ce aikin nan zai iya, akwai ma manhajar da take karanta wa mutum abin da ke kan sikirin, zan nemo in sa masa kyauta. Alhaji ya bar ni na gama, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

"Habu," ya ce, "kai a tunaninka ban sani ba?"

Na ɗago na kalle shi.

"Shekara uku ke nan da na sani. Ni na hana a matsar da ko kujera ɗaya a ofishin nan. Ni na ce duk wasiƙar da ta shigo a kai wa Nura, wai don ya koyi aiki. Mai shara ya sani. Nura ma ya sani, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai faɗa a gaban mutane. Kasuwar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Muddin ba a furta ba, ina da bakin da zan ce akawuna lafiyarsa ƙalau, kuma babu mai ƙaryata ni a idona. Shi ma yana hawowa benen nan da girmansa, yana ganin asirinsa a rufe. Ka zo cikin minti ɗaya ka ƙwace mana duka biyun. Tashi ka je, Allah ya yafe mana."

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa gidan Malam Bukar. Na same shi a zaure da hantsi, a kan tabarma, shi kaɗai, hular nan a karye yadda ya saba. Ya rame. Ina yin sallama ya gane muryata, ya matsa ya ba ni wuri. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce in bari, abin da Allah ya rubuta ne. Ya tambayi iyalina, ya tambayi kasuwa. Na tambayi yara, ya ce babbar ta dakata da karatu tukuna, tana ɗinki a gidan maƙwabta. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da na miƙe zan tafi sai ya ce, "Injiniya, ƙarar fitar fa? Ranar ban samu na gwada ba. Ita ma ka samo ta?"

Na ce, "Na samo, Malam. Tana yi."

"Madalla, aikinka ya yi kyau. To don Allah ka gaya wa wanda aka ɗauka ya riƙa jiran ta yi ƙarar kafin ya kashe soket. Ba ta son a katse ta."

Na ce masa to. Ban gaya masa ba cewa tun ranar da sabon akawun ya kama aiki ya kira ni na cire ƙarar duka biyun, wai tana damun sa.